Ƙahon da Na Kafa wa Baffa Manu

Ku masu shagon aski na yanzu, da madubinku da injin nan mai kukan sauro, na ji abin da kuke faɗi a kanmu. Wani cikinku da kunnena na ji shi bakin tashar Aliero yana cewa sati biyu ya yi ya koyi sana'a. Sati biyu! Ni shekara uku na yi ina wasa aska kafin anka bar ni in taɓa kan mai rai. Kuma aski shi ne mafi sauƙi cikin wanzanci. Ku gashi kawai kunka sani. Mu jinin mutane anka ba mu amana, kuma abin da ya sa na ɗauki biro ke nan, ko da yake aji huɗu na tsaya a firamare.

Sunana Nomau. Ƙanen mahaifina, Baffa Manu na unguwar Jega Magaji, shi ya cire ni daga makaranta ya aza mini zabira a kafaɗa, don ɗansa Altine ya ƙi sana'ar, ya bi fataucin albasa. Kan duma na fara koyo. Baffa zai shafa wa duma sabulu ya ce in aske shi, in ya ga ƙarzuwa ko ɗaya a jikin duman, ranar ba ni da bakin magana. Ba ya duka. Kallonka zai yi ya ce, "Wanga da kan mutum ne, da yanzu muna gidan alƙali." Shi ke nan, sai ka gwammace ya mare ka.

Zabirarmu ta jar fatar akuya ce. Aska uku ke ciki, babba ta aski, ƙarama ta tsaga, da ta kaciya wadda ba a taɓa ta don wani aiki. Akwai dutsen wasawa, da guntun fata na gogewa, da 'yar ƙugiyar cire belu, da sabulun salo cikin gwangwani. Sai ƙahoni. Ƙaho ba a kasuwa ake sayensa ba. Wurin mahauta za ka tafi ka zaɓi na ɗan bijimi, wanda bai murɗe ba, ka dafa, ka kankare cikinsa, ka huda tsininsa, ka goge bakinsa da dutse har sai ka aza shi a leɓenka ba ka ji kaifi ba. Wurin kafawa kuwa, ka jiƙa fata, ka aza, ka zuƙa da baki, ka tura ɗan danƙo da harshe ka toshe hudar ba tare da ka saki numfashi ba. In fata ta taso, ka cire, ka yi tsaga ƙanana a jere, ka mai da ƙaho ka sake zuƙa. Bayan ɗan lokaci ka ɓalle shi ka juye a ƙasa gaban mai jiki. Jinin zai fito guda-guda, baƙi kamar hanta. Sai ka ce, "Ga mataccen jinin da ke damunka." Haka anka koya mini in ce, haka na yi shekara da shekaru ina cewa, kuma na yarda da shi har cikin raina.

Ran kasuwar Jega gindin wata ɗorawa muke shimfiɗa tabarma. Manoma su zo da ciwon baya bayan sun gama kaftu, Fulani su sauko da rawunna a kwance suna son a bar musu tukku, 'yan dako su zo a zuƙe musu kafaɗa. Sauran kwanaki kan keke muke, Katanga, Jandutsi, Aliero, wani sa'in har Maiyama. Duk gidan da Baffa ya yi wa kakansu aski, namu ne, da sunansu da kaciyarsu. Mutum zai miƙa maka maƙogwaronsa ƙarƙashin aska yana zolayarka. Wani tsoho a Jandutsi kullum sai ya ce, "Nomau, in ka yanke min kunne, da mi zan ji kiran uwargida?" In ce, "Ai da ka huta, Baba." Baffa yana gefe, ba ya dariya, idonsa kan hannuna.

Shekarar da anka yanke mana Kebbi daga Sakkwato, ana ta murna ana sauya rubutun allunan ofis, shekarar ce ta zame mini mugunyar shekara. Da bazara abin ya fara, lokacin ana cirar albasa. Munka tafi askin suna Katanga da safe. An gama yanka rago, Baffa ya aske jinjiri lafiya lau, sai kakan jinjirin ya zauna a gyara masa gemu. Ina wanke ƙoƙo na ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Aska ce ta faɗi daga hannun Baffa. Tunda nake da shi ban taɓa ganin aska ta faɗi daga hannunsa ba. Ya sa hannun dama zai ɗauka, hannun ya ƙi. Na dubi fuskarsa, na ga gefen bakinsa ya zazzago, miyau na bin gemu. Ya buɗe baki zai yi magana, abin da ya fito kamar mai tuwo cike da baki.

Nan take mata sunka fara salati daga cikin gida. Wani ya ce ai ta gindin tsamiyar bakin hanya munka biyo da sassafe, iska ne ya buge shi. Ba wanda ya musa. Ni ma ban musa ba. Na kwance rawaninsa, na zaunar da shi, na kafa masa ƙaho biyu a ƙeya, kamar yadda na ga ya yi wa wasu. Na tsaga, na zuƙa. Ban kai ga ɓalle na biyu ba sai na ji murya sarai tana cewa, "Kai Nomau, wanga ƙaho na hagu ya karkace. Haka na koya maka?"

Wurin ya ɗauki kabbara. Baki ya koma daidai, hannu ya tashi, Baffa ya ɗauki askarsa ya ƙarasa gemun tsohon da kansa. Anka juye jinin a ƙasa kowa ya zo ya gani, baƙi ƙirin. Kafin sati sunana ya zagaya ƙauyuka, wai Nomau ya fi ubangidansa hannu. Ina tafiya kan keke ana ɗaga mini hannu daga gonaki. Ban ƙi ba. Na ji daɗinsa.

Kwana tara tsakani abin ya dawo, a gida, da hantsi, yana shan kunu kan tabarma. Matarsa Inna Kulu ta aiko anka kira ni daga kasuwa. Na iske shi kwance, ƙafar dama ba ta ɗaukarsa, baki ya karkace fiye da na farko. Amma ku riƙe wannan, don shi ne gindin labarin: ran nan na sa yatsana cikin tafin hannunsa na dama, ya matse shi. Ba da ƙarfi ba, amma ya matse. Kuma ya dube ni ya ce, "Nomau. Ƙaho." Kalma biyu, amma kowa ya ji su. Hannun nan da harshen nan, da su yake ci da gidansa, kuma ran nan suna nan da ransu.

Al'adarmu ga wanda iska ya buga sananniya ce, ba ni na ƙago ta ba. Ba a fitar da shi ƙarƙashin sama, ba a ƙetare hanya da shi, sai ya cika kwana bakwai a ɗaki. A rufe ƙofa, a toshe taga, a hura garwashi a zuba itatuwan hayaƙi, a lulluɓe shi ya yi zufa abin ya fita. Haka munka yi, cikin zafin bazara, a ɗakin da lafiyayye ma ba ya iya zama da rana. Ni kuwa na jingina shi da bango na kafa masa ƙaho huɗu. Baƙin jini ya fito. Munka jira ya yi magana kamar ta Katanga. Bai yi ba.

Inna Kulu ta dama fura da zuma tana ba shi da ludayi. Duk ludayi ɗaya sai ya ƙware, ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa.

Na ce, "Inna, kamar ba ta wucewa."

Ta ce, "To in bar shi da yunwa? Kai dai yi aikinka, ni in yi nawa."

Rana ta biyu na sa yatsana, ya ɗan motsa nasa, bai matse ba. Sunana ya gagare shi. Na ƙara ƙaho, shida wannan karon, har kafaɗa. Rana ta uku hannun ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma, in ka ɗaga ka saki sai ya faɗi. Jikinsa ya yi zafi kamar bakin murhu, ƙirjinsa na kuka. Ba abin da ke fita bakinsa sai "to, to". Na zauna ina duban jinin da na juye a kasko. Baƙi ne kamar na Katanga, ba bambanci. Na ce a raina, in wanga jini shi ne ciwon, na cire shi sau uku, don mi mutum ke ƙara nutsewa?

Na fita zaure na sami Altine, ya dawo daga Aliero yana ƙamshin albasa. Na ce asibiti za mu kai shi.

Ya ce, "Yau kwana nawa?"

Na ce, "Uku."

Ya ce, "To saura huɗu. Ko kai ma boko ya taɓa ka? Aji huɗun nan naka ne ya motsa?"

Na ce, "Shiga ka saurari ƙirjinsa. In ya kai kwana bakwai, ka aske ni da fartanya."

Ya ce, "Ubana ne ko ubanka?"

Na ce, "Ubanka ne. Amma ni na san nauyin hannunsa, kai buhu ka sani."

Munka kusa kai wa juna hannu. Liman na unguwa ne ya shiga tsakani, ya ce shi bai ga kwana bakwai a littafi ba. Altine ya ba mu hanya, ba don ya yarda ba. Munka shimfiɗa tabarma bayan a-kori-kurar da ta sauke albasa, munka ɗauki hanyar Birnin Kebbi da la'asar, Inna Kulu na riƙe da zane bisa kansa kada sama ta gan shi.

Likitan da ya karɓe mu yaro ne, ban girme shi da yawa ba amma na girme shi. Mutumin ƙasar Zuru ne, Hausa a bakinsa sarai. Ya juya Baffa ya ga ƙeyarsa. Ya ce, "Wa ya yi wannan?" Na ce ni ne. Ya ce, "Aikinka da tsabta." Bai yi dariya ba. Ya tambayi ran da abin ya fara, da abin da Baffa ke iya yi ran farko, da abin da munka ba shi. Na faɗa masa duka, har na Katanga. Ya sa anka cire masa bargo, anka shafa masa ruwa, anka ɗaura masa ƙarin ruwa a hannu, anka sa masa roba ta hanci don abinci. Ya ce ko ɗigon ruwa kada a sake ba shi ta baki, furar nan rabinta huhu ta tafi.

Washegari da rana na tare shi gindin dogon yaro bakin ɗakin marasa lafiya. Na ce, "Likita, ni wanzami ne, ba na son a ɓoye mini. Mi ya same shi?"

Ya ce, "Kana noma?"

Na ce ina taya kawuna ban ruwan albasa a fadamar Aliero.

Ya ce, "To ka san fangali, ka san hanyar ruwan da ke shiga cikinsa. Ƙwaƙwalwa haka take. Ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, a dashe kamar albasa, jini ne ruwansu. Jinin ke kawo musu iskar numfashi da sukari, su kuma ba su da rumbu, abin da ya zo yanzu shi za su ci yanzu. Gudan jini ya taso ya toshe hanya ɗaya a ɓangaren hagu na kan babanku. Hagu ke juya hannun dama, nan kuma magana take."

Na ce, "Gudan jinin nan, ba shi nake cirewa da ƙaho ba?"

Ya ce, "Yana cikin ƙoƙon kai, ƙashi ya rufe shi. Ƙahonka fata yake zuƙa. Ka tsaga ni yanzu ka bar jinina cikin ƙaho, zai daskare ya yi baƙi kamar nasa."

Shekara goma sha biyar ina nuna wa mutane jinin nan a ƙasa.

Ya tsuguna ya zana da'ira a ƙasa da tsinke, ya zana wata babba ta kewaye ta. Abin da ya faɗa zan faɗa muku yadda na gane shi, in na yi kuskure nawa ne. Ya ce na tsakiya, inda ruwa ya yanke ƙaf, kafin ka gama alwala da salla sun fara mutuwa, ba mai ceto. Amma na kewaye ba su mutu ba. Suna samun ɗan yoyon jini daga ƙananan hanyoyin maƙwabta, ba ya isarsu aiki, amma yana riƙe da ransu. Sun yi yaushi ne, kamar albasar gefen fangali da rana ta buga. Kowace ƙwaya tana da 'yan ƙofofi a jikinta, aikinta dare da rana ta tura gishiri waje. In abinci ya yanke, turawar ta tsaya, gishiri ya shiga, ruwa ya bi shi, ta kumbura ta fashe. In ta fashe kuma ba ita kaɗai take tafiya ba. Akwai wani ruwa a cikinta da take aika saƙo da shi ga ta kusa, ɗigo-ɗigo. In ya zube gaba ɗaya, sai ya sa maƙwabtan su yi ta aiki ba tsayawa, ga shi ba abinci, har su ƙone.

Na ce, "Kamar ruɓaɓɓiyar albasa cikin rudu, inda muke tara ta a ajiye. Ruwanta ke sauka kan ta ƙasa."

Ya ce, "Haka. Sannan jiki ya turo masu kwashe gawa, wurin ya ƙara kumbura, ƙoƙon kai kuma ba ya buɗewa. Kullum ƙaramar da'irar nan tana cin babbar. Ran da ya matse maka yatsa, babbar na nan da ranta."

Na ce, "Da mun zo ran nan, kuna da maganin da ke buɗe hanyar?"

Ya ce, "Ba mu da shi a nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma da mun kare na gefen. A kwantar da shi jini ya samu hawa, ba a jingina shi da bango ba. A ba shi ruwa ta jijiya kada jini ya yi kauri, ku kuwa zufa kuka matse daga jikinsa. A sanyaya shi, don zafi na sa ƙwayoyin su nemi abinci fiye da kullum, ku kuka hura masa wuta. Ƙahon da kansa bai kashe komai ba. Kwana ukun da ya sa kuka zauna jira, su ne."

Na tambaye shi na Katanga fa, ai ƙaho ya tashe shi kowa ya gani. Ya ce ƙaramin guda ne ya toshe, ya narke da kansa, da na kafa ƙaho da ban kafa ba zai tashi. Gargaɗi ne jiki ya yi. Ya ce da ran nan munka zo, da an auna jininsa an ga ya hau, an ba shi ƙwayar hawan jini da wata 'yar ƙarama mai hana jini daskarewa, wataƙila da na biyun bai zo ba.

Na ce, "Hannun zai dawo?"

Ya ce, "Abin da ya mutu ba ya tsirowa. Amma na kusa sukan koyi aikin, kaɗan, in ana motsa hannun kullum. Babban abin shi ne kada na uku ya zo. Ƙwayoyin nan kada a fasa ko rana ɗaya."

Sati uku munka yi munka dawo Jega da shi a kwance. Tun daga ran nan sana'ata ta koma biyu. Da safe kafin in fita in je in juya shi, in wanke shi, in shafa masa man shanu a ƙugu da diddige inda fata ke son ɓallewa. In kama hannun in lanƙwasa gwiwar hannu sau ɗari, in buɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya in rufe. In ba shi ƙwaya da hannuna in ga ta wuce. Da la'asar in koma. Altine ya kawo wani mai ɗori daga Aliero, dattijo, ya lalluba hannun daga kafaɗa zuwa yatsu, ya ajiye shi a hankali ya ce, "Mu ƙashi munka sani. Wanga ƙashi lafiya lau yake." Ya sa takalmansa ya tafi. Cikin duk waɗanda sunka zo, shi kaɗai ya faɗi iyakar saninsa.

A waje kuwa magana ta juya. Anka ce da an bar shi ya cika kwana bakwai da ya tashi kamar na Katanga, Nomau ne ya fitar da shi sama ta gan shi, abin ya zauna. Ana cikin haka anka kira ni Jandutsi wurin wani manomi da bakinsa ya karkace. Na ce ban kafa ƙaho, a nemo mota yanzu. Sunka dube ni kamar na zagi kabarin kakansu. Wanzamin da ba ya ƙaho, wa zai ba shi kan ɗansa? Gidajen da Baffa ya gada daga ubansa sunka riƙa zamewa ɗaya-ɗaya. Ran kasuwa in shimfiɗa tabarma gindin ɗorawa, in wasa aska, in sake wasa ta, in naɗe tabarma. Daminar nan ƙwadagon noma na yi a gonakin mutanen da nake yi wa aski.

Wata na huɗu, ina buɗe yatsun Baffa, babban yatsa ya motsa. Na ce ya sake. Ya sake. Na kira Inna Kulu ta gani, ta yi guɗa ƙasa-ƙasa. Bayan sati biyu yana iya danne tsinke tsakanin babban yatsa da manuni. Ba aska ba, tsinke. Amma daga tsumma munka zo nan.

Baffa bai ga haka ba. Hankalinsa na nan, harshe ne babu, kuma abin da ya sani shi ya sani. Duk ran da na shigo sai ya ɗaga hannun hagu ya bubbuga ƙeyarsa ya ce, "To. To." Yana nuna zabirata da ido. Shi a wurinsa sau ɗaya ƙaho ya tashe shi gaban jama'a, kuma yaron da ya koya wa ƙaho ya hana shi.

Da ƙahon ne kawai da na kafa masa ya samu natsuwa. Amma a gidanmu ba a haɗa maganin asibiti da na gargajiya a jiki ɗaya, ana cewa faɗa suke yi su kashe mai jikin. In ƙaho ya shiga, ƙwaya ta fita. Altine ya faɗa mini haka a zaure ba kwana-kwana.

Ya ce, "Wata huɗu kana ɗura mishi ƙwayar Nasara, mi munka samu? Yatsa ɗaya."

Na ce, "Yatsa biyu."

Ya ce, "Ƙaho cikin rabin sa'a ya ba mu mutum ɗungurungum. Shi da kansa shina roƙonka. Ba ka jin kunya?"

Na ce, "In kunka aje ƙwayar nan, na uku na zuwa. Likita ya faɗi."

Ya ce, "Likita ubanka ne?"

Na shiga ɗaki na durƙusa gaban Baffa. Na zana masa da'ira biyu a ƙasa kamar yadda anka zana mini, na faɗa masa duka, da fangali da rudu da baƙin jini. Ya saurara har na gama. Ya ɗaga hannun hagu ya bubbuga ƙeya. Na ce, "Baffa, ka gafarce ni, ban yi." Ya daɗe yana kallona, irin kallon nan na duma. Sannan ya juya fuskarsa ga bango.

Ran da na tafi wani suna da ya rage mini bayan Katanga, Altine ya ɗauko wani wanzami daga Maiyama bisa babur. Na dawo na iske an soke ƙwayoyin cikin jinkar ɗaki. Na miƙa hannu zan kama hannun Baffa in motsa, ya janye shi da na hagu ya ɓoye ƙarƙashin mayafi. Ran Juma'a na zo da aska in yi masa gyaran fuska, ya rufe ido ya ƙi ɗaga haɓa. Inna Kulu ta biyo ni ƙofa ta ce, "Nomau, ka ɗan ja baya. Ganinka na tayar mishi da rai." Daga nan gaisuwa ta koma daga zaure. Sau biyu na kai ƙara wurin liman, sau biyu Altine ya ce to, ƙwayoyin na nan inda anka soke su.

Ku yaran shago, mutane na zama gabanku kuna kallon fuskarsu a madubi fiye da yadda matansu ke kallonta. In kunka ga gefen baki ya zazzago, ko hannu ya saki abin da ya riƙe, ko magana ta cuɗe, ku kashe inji ku nemo mota. Ko da ya warware kafin motar ta zo, ku sa shi ciki. Wanda ya warware ɗin shi ne ya fi samun dama. Ban san wani abu da ya wuce haka ba, kuma ba a makaranta na koyo shi ba.

Na ukun ya zo ana yankan gero, da hantsi. Bai ba kowa lokacin neman mota ko ƙaho ba. Kafin azahar an aiko mini ya rasu.

Ba a hana ni wanka ba, don ba wanda ya san jikinsa kamar ni. Ni da liman munka yi. Yatsun hannun dama sun dunƙule sun ƙage, wata biyu ba mai buɗe su, sai da na sa ƙarfi kafin ruwa ya shiga tsakaninsu. Da munka juya shi na ga ƙeyarsa da kafaɗunsa, sawun ƙaho bisa sawun ƙaho, wasu sun warke, wasu ɗanye. Tsagar ba ta jeru ba, wata ta yi zurfi, wata ta karkace. Aikin da Baffa, da yana da bakinsa, ba zai bari a yi wa jakin maƙwabci ba.

Liman ya ga na tsaya da buta a hannu. Ya ce, "Nomau, zuba ruwa. Jama'a na jira."

Na zuba.